Wayar da ta samo asali daga jana'izar wata yarinya

A 1935, a Lincoln ta Ingila, limamin coci Chad Varah ya jagoranci jana'izar wata yarinya da ta kashe kanta. Jinin al'ada ta fara gani, ta zaci mugun ciwo ne, ga shi ba ta da wanda za ta tambaya. A 1953 ya buɗe layin wayar Samaritans a Landan, inda ya lura cewa sauraro kaɗai yakan sanyaya zuciyar mai ƙunci.

Na kawo tarihin nan ne saboda yaranmu na Tajaye, musamman waɗanda ubanninsu ke cirani a Abijan ko Libiya. Malamai da iyaye, mu ne wayarsu ta farko. In yaro ya ce ya gaji da rayuwa, kada a tsawata masa. A saurare shi, a raka shi wajen likita.