Hakeem Olajuwon: Daga Filin Wasa A Sakkwato Zuwa Sarautar Ƙwallon Kwando

Rubutunmu na wannan mako ya tsallaka teku zuwa Amurka, amma asalin labarin a gida ya fara.

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas ranar 21 ga Janairu, 1963. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi, masu sana'ar sayar da siminti. Yana yaro gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Bai san ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15. Makarantarsu ta horon malamai ta Musulmi da ke Legas ta je gasar wasanni a Sakkwato, shi kuma yana cikin 'yan ƙwallon hannu. Wani ɗalibi ya roƙi koci a sa dogon yaron nan cikin 'yan ƙwallon kwando, aka sa shi. Daga nan ƙofa ta buɗe.

A 1980 ya tafi Jami'ar Houston da ke jihar Texas. Tsayinsa ya kusa ƙafa 7, amma sauƙin ƙafarsa na ɗan ƙwallon ƙafa ne. Sau biyu ya kai jami'ar wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, a 1983 da 1984, duka aka doke su. A 1984, lokacin da ƙungiyoyin NBA ke zaɓen sababbin 'yan wasa, Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya. Michael Jordan shi ne na uku a wannan zaɓen.

Sai dai baiwa kaɗai ba ta kawo kofi ba. A 1986 ya kai Rockets wasan ƙarshe, Boston Celtics ta cinye su. Shekarun da suka biyo baya an san shi da zafin zuciya, faɗa a fili da cacar baki da alƙalan wasa. A 1992 rigimarsa da shugabannin ƙungiya kan kwantiragi ta kai ga an dakatar da shi, har ya nemi a sayar da shi.

A tsakanin nan ne ya koma ya riƙe addininsa da gaske. A 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Ya tsare salla, ya duƙufa kan karatun Alƙur'ani, ya kuma sha faɗin cewa wannan ne ya sanyaya masa zuciya. Wanda a da yake son yin komai shi kaɗai ya fara yarda da abokan wasansa, yana miƙa musu ƙwallo idan an taru a kansa.

Sakamako bai jinkirta ba. A kakar 1993 zuwa 1994 ya zama gwarzon gasa, gwarzon masu tsaron baya, kuma gwarzon wasan ƙarshe, abin da babu wanda ya taɓa haɗawa a kaka ɗaya kafin shi. Sun doke New York Knicks da wasa 4 da 3. A wasa na shida, saura daƙiƙoƙi, shi ne ya taɓa ƙwallon da John Starks ya jefa, wadda da ta shiga da kofi ya tafi New York. A 1995 suka sake ɗaukar kofin, bayan sun lallasa Orlando Magic ta Shaquille O'Neal 4 da nema. A Fabrairun wannan shekara azumin Ramadan ya kama, yana azumi yana wasa, aka kuma zaɓe shi gwarzon watan.

Ya yi ritaya a 2002 da maki 26,946, ya tare ƙwallo 3,830 a hanyarta ta zuwa kwando, adadin da har yau ba a kamo ba a kundin NBA. Kobe Bryant da LeBron James duk sun je wurinsa koyon sarrafa ƙafa. Ya sayi tsohon ginin wani banki a tsakiyar Houston ya mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa.

Akwai abin da ke min ciwo a labarin. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, inda Kanu da abokansa suka ciyo wa Nijeriya zinare a ƙwallon ƙafa, Hakeem ma ya ci zinare, amma wa Amurka, domin ya karɓi takardar zama ɗan ƙasarta tun 1993. Mu muka haifa, wasu suka rena.

Ga matasanmu kuwa, darasin a fili yake. Hakeem ya shekara goma a NBA da tsayi da ƙwarewa ba kofi, sai da ya ci ƙarfin zuciyarsa tukuna. Ga shugabanni kuma tambaya: yara nawa irinsa ke yawo a makarantunmu yau, ba gasar da za ta fito da su?

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.