Daga Ina Rimot Ya Samo Sunansa?

Kalmar rimot daga Turanci ta shigo Hausa, shi kuma Turancin ya aro ta daga Latin, inda remotus ke nufin abin da aka nisanta. Na'urar kanta a Amurka ta bazu: a 1950 kamfanin Zenith ya fito da rimot ɗin talabijin mai igiyar waya, a 1955 ya kawo marar waya mai aiki da haske. Masu kishin harshe sun fi son a ce "na'urar sarrafawa daga nesa". Ma'anar ta fita sarai, amma wa zai tsaya jera wannan alhali yana neman canza tasha? Ga shi kuma kalma guda ta ɗauke na dish, na kyamara da na gem. Rimot ya zama Hausa, a rubuta shi yadda ake faɗinsa.