Kaba: daga keson wuri zuwa zamanin leda

A ƙasar Maraɗi akwai wani kwari da ya ratsa yankin Tasawa da Mayahi, sunansa Gulbin Kaba. Ruwa ya daɗe da daina gudu a cikinsa yadda yake yi a Gulbin Maraɗi, amma sunan ya zauna, don kaba ita ce arzikin wurin. Ga yaranmu na birni da ba su sani ba, kaba ganyen goriba ce tun tana ƙarama, kafin ta yi tsawo ta raba reshe. Da ita kakanninmu sunka saƙa tabarma da faifai da malfa da igiya, da kuma abin da ya kawo mu yau: sanho da sauran jakunkunan zuba kaya.

A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa. Ya tarar ana ƙidayar wuri har 500,000 da hannu, abin ya ba shi mamaki. Ya kuma rubuta cewa masu sarauta suna ɗura wuri a cikin saƙaƙƙun buhuna, kowane yana cin 20,000. Wanga ɗauri shi ne Hausawa sunka sani da keso. Wato kafin banki, kafin takardar Sefa, ma'ajin kuɗɗin ƙasar Hausa aikin masaƙa ne. Har yau ma idan munka ce jikka muna nufin dala 200, ai sunan jaka muke kira ba mu lura ba.

Ayarin gishiri ma da kaba yake tafiya. Kafin Abzinawa su kama hanyar Fashi da Bilma, sai sun tanadi igiyoyi da tabarmin kaba masu yawa, don da su ake naɗe kantu a ɗaure bisa raƙumi, ya iso kasuwanninmu bai farfashe ba. Haka lefe: asalin kalmar kwandon kaba ne da ake zuba kayan amarya a ciki. Fantimoti ta zo ta ture shi, akwati mai taya ya ture fantimoti, amma bakinmu bai bar cewa lefe ba.

Aikin kuwa ba na ganin dama ba ne. A yanko kaba, a shanya, a tsaga ta siri-siri, a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, wadda za a yi ado da ita a rina. Sannan a saƙa dogon zubi, a bi shi ana haɗawa har ya zama tabarma ko sanho. Galibi mata ne ke yi, da rani bayan an gama aikin gona, kuma kuɗɗin nan su ne na gishiri da daddawa da sabulu, su ne na kayan ɗakin ɗiya. Uwa ke koya wa ɗiyarta, babu wata lakkwal.

Abu biyu sunka taɓa sana'ar. Na farko kasuwa: zamanin gyaɗa ya kawo buhun Turawa, daga baya buhun roba da baƙar leda sunka mamaye ko'ina. Na biyu, wanda a ganinmu ya fi muni, shi ne itacen kansa. Bayan farin 1973 da na 1984, mutane da yawa sun koma ga kaba don su samu na hatsi. To kabar da ake yanka kullum ba ta samun tashi ta zama goriba, sai ta zauna a ƙasa tana toho. Babu goriba kuwa babu 'ya'ya, babu ƙodagon da zai tsiro gobe. Ga gonaki sun ci bakin gulbin, ga masu saye suna loda ɗanyar kaba a mota zuwa Najeriya. Wanda ya ga kwarin shar da kaba sai ya ce lafiya lau, alhali manyan itatuwan ne ke ƙarewa.

A ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙera leda maras kauri da shigo da ita da sayar da ita. Mun yi zaton ranar masu sanho ta dawo. Amma ku leƙa kowace kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa: tumatirin dala ashirin ma a leda ake ba ka shi, ita ce ke toshe magudanan ruwa da damina, ita ce mahauta ke fiddawa daga tumbin akuya.

A Yamai, jakunkunan saƙa sun samu wuri a kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata da kuma bajekolin SAFEM na mata, an sa musu hannu na fata, an yi musu kyau, baƙi da matan ma'aikata suna saye. Madalla da wannan. Sai dai tsakanin farashin Yamai da abin da ke shiga hannun matar da ta saƙa a ƙauyen Mayahi akwai dillalai da kuɗɗin mota, ita kuwa ranar kasuwa ba ta iya komawa gida da kayanta, ko nawa anka taya sai ta sallama. Ga shi kabar da a da take yankowa a bayan gari, yau a wurare da dama sai ta saye ta.