Mazubi Ɗaya, Tashi Iri-iri: Tarihin Roba a Wasan Golf na Faifai

A jikin akasarin fayafayan da ake sayarwa don wasan golf na faifai akwai lambobi huɗu. Na Destroyer, wanda kamfanin Innova na Kalifoniya ya fitar a 2007, su ne 12, 5, -1, 3. Ta farko tana nuna gudun da faifan yake bukata kafin ya tashi yadda aka tsara shi, ta biyu daɗewarsa yana shawagi, ta uku yadda yake karkata dama sa'ad da yake kan ganiyar gudu, ta huɗu kuma yadda yake zamewa hagu idan ƙarfinsa ya ƙare. Mai saye yana karanta su kamar alkawari. Amma idan ya ɗauki Destroyer guda biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya na roba mai rahusa, ɗaya na mai tsada, ya jefa su da hannu ɗaya a yini ɗaya, da wuya su bi hanya ɗaya a sama. Bayan wata uku ana amfani da su, bambancin zai ƙara faɗi. Lambobin suna bayanin ƙarfen da aka zuba robar a ciki ne, wato mazubi, alhali abin da ke tashi a iska ita ce robar, kuma tana da nata tarihin.

Ga wanda bai san wasan ba: golf ne da aka cire masa sanda da ƙwallo. Ɗan wasa yana jefa faifan roba daga wurin farawa zuwa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da ke tsaye a kan turke, kuma wanda ya kammala fili da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Kamar yadda mai golf yake da sanduna daban-daban, haka mai faifai yake ɗauke da jaka: akwai na kusa mai kaurin baki, akwai na tsaka-tsaki, akwai na nisan zango mai faɗin gefe da sirin baki. Wannan na ƙarshe shi ne batunmu. Wasan ya fi kafuwa a Amurka, sai Finlan da maƙwabtanta na arewacin Turai.

Tun farkon lamarin, roba ce ta yanke hukunci. Ɗaliban jami'o'in gabashin Amurka sun daɗe suna jefa wa juna farantan gwangwani na gidan burodin Frisbie da ke jihar Konetikat. A 1948 Fred Morrison da abokin kasuwancinsa suka fara yin faifan da roba, sai dai robar wancan lokaci mai tauri ce, tana iya tsagewa. Wanda ya samu karɓuwa shi ne Pluto Platter na tsakiyar shekarun 1950, mai laushi, wanda ake iya cafewa da hannu ba tare da jin zafi ba. Kamfanin kayan wasan yara na Wham-O ya saye shi a 1957, ya raɗa masa suna Frisbee. Wani ma'aikacin kamfanin, Ed Headrick, shi ya gyara siffarsa, sannan a 1975 ya kafa fili na farko na dindindin a Oak Grove kusa da Pasadena, ya kafa ƙungiyar ƙwararru ta PDGA a 1976, ya yi wa kwandon sarƙa rajista a 1977. Da ya mutu a 2002, an cika masa wasiyya: an gauraya tokar gawarsa da roba aka zuba fayafayai da ita. Al'ada ce da za ta ba mai karatu a nan mamaki, amma tana nuna matsayin da wannan kaya yake da shi a zukatan mutanen wasan.

Har zuwa 1983, fayafayan da ake jefa wa kwando 'yan uwan na cafewa ne, masu dunƙulallen baki. A shekarar ce Dave Dunipace da abokansa suka kafa Innova, suka fito da Eagle, faifan da aka fiƙe gefensa ya zama kamar fiffike. Yana yanka iska, yana zuwa nesa, amma siririn baki yana da rauni guda: shi ne yake fara haɗuwa da bishiya.

A nan sai mun ɗan tsaya kan yadda faifai yake tashi, domin in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba. Mu ɗauki mai jifa da hannun dama, jifan bayan hannu, wanda shi lambobin nan suke nufi. Faifan yana barin hannunsa yana juyawa kamar hannun agogo. Juyin nan shi ke riƙe shi a kwance, kamar yadda katantanwar da yara ke murzawa take tsaye muddin tana juyi. Abu mai juyi kuwa yana da wata ɗabi'a: idan aka tura shi daga gaba, ba ya amsawa a gaba, sai a gefe. Lokacin da faifan yake da gudu sosai, iskar da ke ɗaga shi ta fi danna ɓangarensa na baya, sai ya amsa da karkata dama. Idan gudun ya ragu, hancinsa yana fuskantar iska da faɗi, ɗagawar ta koma gaba, sai ya zame hagu ya faɗi. Faifan da ke ƙin karkata dama, yake saurin komawa hagu, za mu kira shi mai taurin kai. Wanda ke saurin miƙa wuya ga dama kuma, mai sauƙin kai. Abin da ke raba su siffar baki ce, kuma bambancin da bai kai milimita ɗaya ba ya isa a gan shi a sama.

Robar farko ta Innova, wadda har yau ake sayarwa da sunan DX, tana da daɗin riƙo ko da hannu ya jiƙe, tana da araha, amma ba ta jure duka. Kowace bishiya tana barin tabo, tana kuma ɗan lanƙwasa bakin ƙasa. Sannu a hankali faifan da aka saya da taurin kai sai ya miƙe, daga baya ya fara karkata dama, a ƙarshe ya zama ba ya jin magana sam. 'Yan wasan shekarun 1980 da 1990 ba su ɗauki wannan a matsayin aibi kawai ba, sun mayar da shi sana'a. Mutum zai sa faifai iri ɗaya, musamman Roc na tsaka-tsaki, guda huɗu ko biyar a jaka: sabo don iska mai ƙarfi da kwanar hagu, mai 'yan watanni don miƙaƙƙiyar hanya, tsoho don kwanar dama. Idan na gaba ya tsufa, kowa ya matsa mataki ɗaya, a sayo sabo a sa a baya. A wannan zamani ne Ken Climo ya ci gasar duniya sau tara a jere, daga 1990 zuwa 1998, cikin sau goma sha biyu da ya ci gaba ɗaya. Ilimin ɗan wasa a lokacin ya haɗa da sanin shekarun kayansa, kamar yadda makaɗi yake sanin fatar gangarsa.

Ga faifan tsaka-tsaki mai kaurin baki, wannan tsufa yana ɗaukar lokaci. Ga na nisan zango kuwa, wanda ake jefawa da dukkan ƙarfi kuma bakinsa siriri ne, karo biyu ko uku masu kyau da kututture suna iya sauya shi. Muddin robar mai rauni ce, faɗaɗa gefen faifai don ƙarin nisa ciniki ne na ɗan lokaci.

Sauyin ya zo a farkon shekarun 2000, lokacin da Innova ta fito da Champion Edition sannan Champion, Discraft ta jihar Mishigan kuma ta fito da jerin Z. Robobi ne masu sheƙi, ana ganin haske ta cikinsu, suna da santsi, kuma idan sun daki bishiya suna lanƙwashewa su dawo yadda suke. A 2006 Star ta biyo baya, wadda ta haɗa juriya da ɗan daɗin riƙo. Kamfanoni suna ɓoye ainihin haɗin da suke yi kamar yadda mai yaji yake ɓoye nasa, amma sakamakon a bayyane yake. Shekara guda bayan Star aka samu Destroyer, mai faɗin gefe santimita 2.2, sai Boss a 2008. Valkyrie, wanda ya yi tashe kafin su, santimita 1.9 ne. A ganina ba a yi wa wannan jeri adalci idan aka ba da labarinsa a matsayin nasarar masu zana mazubi kaɗai. Faɗin gefe ya zama kayan kasuwa ne bayan an samu robar da za ta riƙe siffarsa shekara da shekaru. Tseren ya yi nisa har PDGA ta kafa iyaka a santimita 2.6.

Sai dai juriya rabin maganar ce. Ɗaya rabin yana faruwa kafin faifan ya bar masana'anta. Ana yin sa ne kamar yadda masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano suke yin bokiti da kujerun roba: a narkar da ƙwayoyin roba, a tura su da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, a bari su huce, a buɗe. Duk wanda ya shafa jikin kayan roba ya taɓa jin wani siririn layi inda ɓarin biyu suka haɗu. Faifai ma yana da shi a kewayen bakinsa, kuma tsayin wannan layi daga ƙasa, idan an ajiye faifan a kan tebur, yana daga cikin alamomin da 'yan wasa suka fi dogara da su. Layi ya hau, taurin kai ya ƙaru. Layi ya sauka, sauƙin kai ya ƙaru. To, roba tana tsukewa idan tana hucewa, kuma kowace iri da yadda take tsukewa. Wata tana jan bakin sama, wata tana barinsa ya sauka, wata tana sa tsakiyar faifan ta yi tozo, wata ta bar ta a shimfiɗe. Tozon ma yana da tasiri, domin yana ƙara shawagi. A bokiti wannan bambanci ba ya damun kowa. A fiffiken da ke tafiyar kilomita ɗari a sa'a, shi ne bambancin sauka a fili da sauka a tafki.

Daga nan ne aka samu jerin da 'yan wasa suka sani da ka: a mazubi ɗaya, Champion yakan fi taurin kai, Star ya biyo, sannan robobi masu laushi irin su GStar da Pro. Na ce "yakan" da gangan. Zafin injin, tsawon lokacin hucewa, yanayin ranar da aka yi zubin, har da sinadarin da aka ƙara don launi ko nauyi, duk suna iya juya jerin. Shi ya sa ake cinikin faifai da shekarar zubinsa, kuma tsofaffin Champion Edition suke tsada a hannun masu tarawa.

Nauyi ma roba ce ke ba da shi. Dokar PDGA ta ce faifai kada ya wuce giram 8.3 a kan kowane santimita na faɗinsa, kuma tunda yawancin na nisan zango santimita 21.1 ne, iyakarsu giram 175. Matsalar masu faɗin gefe ita ce gefen yana cin roba da yawa, don haka yin su marasa nauyi yana da wuya. Innova ta warware wannan da Blizzard, inda ake cusa ƙananan kumfan iska a cikin robar.

Tarihin jifa mafi nisa ya nuna cewa tsada da nisa ba tagwaye ba ne. A 2002 Christian Sandström ɗan Suwidin ya jefa mita 250 a busasshen tafkin El Mirage na Kalifoniya da Valkyrie na DX, robar da ta fi kowace araha, kuma ba a karya wannan ba sai bayan shekara goma, lokacin da David Wiggins Jr. ya kai mita 255 da Boss na Blizzard. A 2016 shi dai Wiggins ya kai mita 338 a hamadar Nebada, cikin iska mai ƙarfi da ke bin bayansa, da Boss na R-Pro, roba mai laushi da ba a san ta da juriya ba. Mai neman nisa zalla yana son faifan da zai karkata dama ya daɗe kafin ya dawo, kuma a hamada babu bishiyar da za ta ɓata shi. Ƙwararren da ke gasa a cikin daji buƙatarsa daban ce: yana son faifan da ya jefa a watan Maris ya yi masa abu ɗaya a watan Satumba, kuma wannan yake biya.

Wanda lambobin suka fi cutarwa shi ne sabon shiga. Da annobar korona ta kori mutane zuwa wasannin waje a 2020, wasan ya cika da baƙi har kaya suka yi ƙaranci a shaguna, kuma a 2021 Paul McBeth ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 10 na shekara goma da Discraft. Kuɗin irin wannan kwantiragi daga sayar da roba yake fitowa, musamman fayafayai masu ɗauke da sunan gwani. Sabon shiga yana ganin gwaninsa yana jefa Destroyer, sai ya sayi mafi nauyi a roba mafi tsada, wato mafi taurin kai da ke cikin shagon. Hannunsa bai kai gudun da lamba 12 take nema ba, don haka faifan ba ya karkata dama ko kaɗan, yana fita ya dunguri ƙasa ta hagu, kuma saboda robar ba ta tsufa da wuri, ba zai yi laushi ya zo daidai hannunsa ba. Da ya sayi mai rahusa a kusan rabin kuɗin, bishiyoyi da sun gyara masa shi cikin 'yan makonni.

Babu hukumar da ke tantance lambobin nan. PDGA tana auna faɗi, da zurfi, da nauyi, da kaifin baki, da taurin lanƙwasa kafin ta amince da faifai, amma ba ta auna yadda yake tashi. Kowane kamfani shi ke ba kayansa maki, kuma yawanci maki ɗaya ne ga mazubi, ko da an zuba shi da roba iri shida. Saboda haka tsofaffin hannu, idan sun shiga shago, sukan zaro faifai uku ko huɗu masu suna ɗaya, su jera su a kan kanta baki da baki, su sunkuya har idonsu ya zo daidai da tebur, su duba wanne ne layinsa ya fi hawa, sannan su danna tsakiyar kowanne da babban yatsa su ji tozonsa kafin su zaɓa.