Agogon da ke Farawa da Biliyan Huɗu

Mai karatu, a cikin zuciyar babbar manhajar Linux akwai wani ɗan ma'ajin lissafi da ake kira jifis. Duk lokacin da agogon kwamfuta ya buga, sai a ƙara masa ɗaya. A zamanin da Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, bugun sau 100 ne a daƙiƙa. Ma'ajin kuwa yana da iyaka, ba ya ɗaukar abin da ya haura 4,294,967,295. In ya cika, sai ya koma sifili. A wancan saurin, kwana 497 ke nan.

Wa zai jira kwana 497 don ya gwada manhajarsa? Shi ya sa kurakurai suka yi ta kwanciya cikin ciyawa. Kamfanin Microsoft ya ɗanɗana irin wannan: Windows 95 da 98 kan sandare bayan kwana 49.7 suna kunne, kuma sai a 1999 zancen ya bazu.

Da Linux 2.6 ta fito a 2003 da bugu 1,000 a daƙiƙa, wa'adinta ma ya dawo kwana 49.7. Dabarar da masu gina ta suka yi ta burge ni. Suka sa lissafin ya riƙa farawa saura minti biyar ya cika, domin duk wanda ya rubuta shirme asirinsa ya tonu tun kafin shayinsa ya huce.

To, amma dabarar ta bar wa masu bincike aiki. Idan kwamfuta ta faɗi, injiniya kan buɗe abin da ya rage a ƙwaƙwalwarta da manhajar crash, wadda Dave Anderson ya daɗe yana kula da ita a Red Hat. Ya nemi jerin ayyukan da ke jiran lokacinsu, sai ya ga lamba kamar 4,294,727,296. Wanda bai sani ba zai rantse injin ya yi sati bakwai yana aiki, alhali mintinsa ɗaya da kunnawa. Ga shi kuma tun 2005 ana iya zaɓar bugu 100 ko 250 ko 1,000, don haka lambar kaɗai ba ta faɗin komai.

Daga baya aka ƙara wa jadawalin na crash wani layi mai nuna bugun da ya rage kafin kowane aiki ya tashi. In lambar ta zo da alamar ragi, aikin ya makara, kuma daga nan injiniya yake fara bin sawun abin da ya tsare shi.