Daga kaset zuwa Bluetooth: yadda waƙar Ɗanƙwairo ta riƙa shiga mota

In ka hau motar haya a tashar Talata Mafara za ka Bakura ko Maradun, ka leƙa gaban direba. Sau da yawa rediyon motar tsoho ne mai bakin kaset, amma sautin daga wayar direban yake fitowa. To, ta ina suka haɗu?

Matsalar ta daɗe: mota takan yi shekara 20 ko fiye tana aiki, na'urar sauraro kuwa ba ta jimawa ake sauya ta. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma shi ne ya riƙa ɗauko muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin kotson nan haifaffen ƙasar Bakura da ya yi suna a Maradun, zuwa cikin Fijo ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. A lokacin ba ruwanka da wata dabara, ka tura kaset kawai.

Da faifan CD ya shigo, sai aka rasa inda za a sa shi a tsohon rediyo. Wani Ba'amurke, Larry Schotz, ya yi rajistar mafita a 1988: kaset na bogi mai jelar waya. Ba zare a cikinsa. Wani ɗan kai ne ke karɓar lantarkin sauti daga na'urarka, ya mai da shi maganaɗisu, ya manna da kan rediyon da ke karanta zare. Rediyon ya ɗauka kaset yake ci, alhali yaudararsa aka yi.

Daga nan sai 'yar na'urar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari, a sa mata memori. Ita wannan ƙaramar tashar rediyo ce sukutum. Tana shan bolt 12 na batirin mota, tana watsa waƙar a zangon FM, tsakanin megahaz 87.5 da 108. Ka ga dalilin da ya sa takan yi shuuu: in lambar da ka zaɓa ta yi kusa da ta wata tasha mai ƙarfi, sai su yi karo. Ka nemi lambar da ba kowa a kanta.

Wayar AUX mai bakin milimita 3.5 ta fi su tsabtar sauti, don ba a juya shi zuwa komai a hanya. Amma tun da Apple ya cire ramin a iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, aka koma Bluetooth, wanda Ericsson ya faro a 1994.

Sai dai duk waɗannan dabaru abin da ke cikin waya kaɗai suke iya kaiwa ga lasifika. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, kafin zamanin memori. Waƙoƙinsa da ka ji a waya, wani ne ya kwafo su daga zare. Wadda ba a kwafo ba tana nan cikin kaset, zafi da ƙura suna cin maganaɗisunta a hankali. Haka karatun malamai da wa'azin da aka ɗauka a masallatan garuruwanmu.

Don haka in akwai kwalin tsofaffin kasusuwa a ɗakin baba ko kaka, kar ka bari a zubar. Nemi rediyo mai aiki da wayar AUX, ka jona da kwamfuta, ka kwafe su tun zaren bai tsinke ba.