Daga Dusar Ƙanƙara Zuwa Ruwan Ɗumi: Tarihin Jinyar Gaɓar da Sanyi Ya Daskarar

Daskarewar gaɓa ciwo ne da ke samun mutum idan sanyi ya tsananta har ruwan da ke cikin namansa ya zama ƙanƙara, kuma ya sha bamban da faso da kaushin hunturu, waɗanda bushewar fata ce kawai. Idan jiki ya ji sanyi mai tsanani, yakan tsuke jijiyoyin jinin da ke kai wa yatsu da kunnuwa da hanci domin ya tattala ɗumin zuciya da ƙwaƙwalwa, sai waɗannan gaɓoɓi su yi fari fat, su ƙage, mai su ya daina jin su. Ƙanƙarar da ta taru a tsakanin ƙwayoyin halitta tana zuƙe musu ruwa tana kuma kekketa bangon ƙananan jijiyoyi, amma wani ɓangare na ɓarnar sai bayan gaɓar ta narke yake aukuwa, lokacin da jini ya dawo ya tarar da hanyoyinsa a lalace, ya dunƙule ya toshe su. Likitoci kan auna tsananin ciwon da zurfinsa: wanda ya tsaya a fata yakan fito da bororo mai ruwa garau ya warke, wanda kuwa ya kai ga tsoka da ƙashi bororonsa na jini ne, daga baya naman ya yi baƙi ƙirin ya bushe.

Tarihin wannan ciwo kusan duka a bakin sojoji aka ji shi, domin su ne ake tilasta wa kwana a fili cikin yunwa da jiƙaƙƙen takalmi. Zenofon, Bagirken da ya jagoranci mayaƙa kusan dubu goma ta tsaunukan Armeniya wajen shekara ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta yadda yatsun ƙafar mutanensa suka ruɓe, ya kuma lura cewa wanda ya kwana da takalminsa na ɗanyar fata yakan wayi gari igiyoyin sun nutse cikin nama, shi ya sa ya ga mafita a yawan motsi da kwance takalmi da dare.

Wanda maganarsa ta fi daɗewa tana aiki shi ne Dominik Lare, babban likitan tiyata na rundunar Napoliyon. Rundunar ta bar Mosko a watan Oktoba na 1812, kuma kafin ta isa birnin Bilna a Disamba sanyi ya kai wajen digiri 30 ƙarƙashin sifili. Lare ya ga abin da ke faruwa a zango kowane dare: soja ya iso ƙafarsa a sandare, ya miƙa ta cikin wutar jin ɗumi har fata ta babbake bai sani ba tunda ba ya jin zafi, da asuba ya ɗaure ta da tsumma ya koma hanya, ta sake daskarewa, bayan 'yan kwanaki ruɓa ta kama ta. Daga nan ya yanke hukunci cewa zafi ne ke kashe gaɓar, ya ba da shawarar a murza ta da dusar ƙanƙara, a bar ta ta narke sannu a hankali nesa da wuta. Abin da idonsa ya gani gaskiya ne, fassararsa ce ta kauce, domin abubuwa biyu ne suka halaka waɗannan ƙafafu, wato ƙunar wuta da kuma narkewa a sake daskarewa, wanda shi ne mafi munin abin da zai sami naman da sanyi ya taɓa. Murza kuwa ƙara rauni take yi ga naman da ke cike da tsinin ƙanƙara. Sai dai Lare mutum ne da ake jin maganarsa a duk Turai, don haka shawararsa ta shiga littattafan likitanci da na soja ta zauna daram fiye da shekara ɗari.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sanyi ya ci dubun dubatar sojojin Daular Usmaniyya a tsaunukan Sarikamish a ƙarshen 1914, a Yammacin Turai kuma aka san wani ɗan'uwan ciwon, wanda ke kama ƙafar da ta kwana kwanaki cikin ruwan sanyi a ramukan yaƙi ko da ba ta daskare ba. Sojojin da Faransa ta ɗebo daga yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma sun ɗanɗana kuɗarsu, har hukumar soja ta riƙa janye su zuwa sansanonin Firejus a kudancin ƙasar idan sanyi ya shigo, amma duk da haka an tura su wani farmaki a Afrilun 1917 cikin ruwa da dusar ƙanƙara, hannuwan da yawa daga cikinsu sun ƙage ba su iya riƙe bindiga.

Ko a 1950 tsohuwar al'adar na nan da ranta. Lokacin da Moris Harzog da Luwi Lashenal suka sauko daga ƙololuwar tsaunin Annapurna a ƙasar Nepal, bayan sun hau ta ranar 3 ga Yuni, abokan tafiyarsu sun yi ta murza musu hannu da ƙafa suna tsula musu igiya domin jini ya motsa, likitan ayarin kuma ya riƙa yanke yatsu ɗaya bayan ɗaya a kan hanyar dawowa. Harzog ya rasa yatsun hannu da na ƙafa, Lashenal ya rasa na ƙafa.

Alhali kuwa tun shekarun 1930 masu bincike a makarantar likitancin soja ta Leningirad, ciki har da wani likita mai suna Ariyef, sun nuna cewa ɗumama gaɓa da sauri ya fi barinta ta narke a hankali, sai dai aikin an rubuta shi da Rashanci, yaƙi kuma ya shiga tsakani. A 1947 wasu masu bincike, Fuhrman da Crismon, suka tabbatar da hakan a kan zomaye a Amurka, kuma bayan asarar da sojojin Amurka suka yi a yankin tafkin Chosin na Koriya a ƙarshen 1950, hukumomin soja suka mai da hankali. Wanda ya kai maganar gadon asibiti shi ne Wiliyam Mils, likitan ƙashi a birnin Ankorej na Alaska, wanda daga 1960 ya fara wallafa sakamakon majinyatan da ya tsoma gaɓoɓinsu cikin ruwan ɗumi. Ƙa'idar da ake bi yau daga nan ta samo asali: a tsoma gaɓar cikin ruwa mai zafin digiri 37 zuwa 39 na kimanin rabin awa har ta yi laushi ta yi ja, a ba da maganin ciwo mai ƙarfi saboda azabar narkewa ba kaɗan ba ce, kada a murza, kada a kai ta kusa da wuta. Akwai sharaɗi guda wanda ya gaskata rabin abin da Lare ya gani, wato idan ana tsoron gaɓar za ta sake daskarewa kafin a isa asibiti, gara a bar ta a daskare.

Sauyi na biyu shi ne jinkirta wuƙa. A da likitoci sukan yi gaggawar yankewa don tsoron ruɓa, amma an gano cewa baƙin ɓawon da ke sama sau da yawa yana rufe da lafiyayyen nama, kuma iyaka tsakanin matacce da rayayye ba ta fitowa sosai sai bayan makonni ko watanni, shi ya sa likitocin ƙasashen sanyi ke cewa yatsan da ya daskare a Janairu sai Yuli ake yanke shi, muddin ƙwayoyin cuta ba su shiga ba.

Da aka fahimci cewa toshewar jijiyoyi ce ke cinye yatsu, sai jinya ta koma ga magungunan da ke buɗe su. Emanuwel Koshi, likita a Shamoni da ke gindin tsaunin Mon Bilan, ya fitar da ma'auni mai hawa huɗu a 2001 wanda ke hasashen yankewa daga nisan da ciwon ya yi a gaɓa, sannan a 2011 ya wallafa gwaji a kan majinyata 47, inda babu ko ɗaya da aka yanke wa yatsa cikin waɗanda aka ɗura wa maganin iloprost shi kaɗai. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a Fabrairun 2024. Akwai kuma alluran narkar da gudan jini, waɗanda amfaninsu ke raguwa sosai idan an wuce awa 24 da narkewar gaɓar, abin da ke da wuyar samu ga makiyayi ko mahayin dutse, ko matasan Afirka ta Yamma da ke tsallaka tsaunukan Alps da ƙafa daga Italiya zuwa garin Biriyanson na Faransa cikin takalman roba.